Tarihin Gwajin Maganin Kumburin Ƙoda na Cutar Lupus

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Takan taɓa fata da gaɓoɓi da jini da huhu, amma ɓarnarta ta fi muni a ƙoda. Cikin masu cutar 10, kusan 9 mata ne, galibi 'yan shekara 15 zuwa 45, kuma kusan rabin masu ita sukan gamu da kumburin ƙoda. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan 1, masu tace jini kamar yadda rariya ke tace gasara. Idan sinadaran garkuwa suka maƙale a waɗannan matatai sai su kumbura, furotin da jini su riƙa yoyo cikin fitsari. Daga nan fitsari ya riƙa kumfar da ba ta kwanciya da wuri, fuska ta wayi gari a kumbure, ƙafa ta cika har idan an danna da yatsa gurbin ya zauna, jini kuma ya hau. Magungunan da ake ba irin wannan majiyyaciya a yau an same su ne ɗaya bayan ɗaya cikin shekara 70 da ɗoriya, kuma kowanne sai da aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da wanda ya gabace shi kafin likitoci su amince da shi.

Kafin a samu magani

Likitocin fata ne suka fara sanin lupus. A 1851 Pierre Cazenave ya siffanta jan ƙurjinta a birnin Faris. A 1872 Moriz Kaposi na Biyena ya nuna cewa cutar tana shiga cikin jiki da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma tana kisa. Tsakanin 1895 da 1904 William Osler ya rubuta labarin majiyyatan da ta taɓa wa ƙoda. A 1935 George Baehr da Paul Klemperer da Arthur Schifrin, a asibitin Mount Sinai na New York, suka bayyana yadda bangon matatan ƙoda ke yin kauri a gawarwakin waɗanda cutar ta kashe. Sai a 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo ya gano wata ƙwayar jini ta musamman da ta ba likitoci damar tabbatar da cutar tun majiyyaci na raye.

A duk wannan zamani babu abin da ke tsayar da kumburin ƙoda. Wani bincike da aka yi a asibitin Johns Hopkins a 1955 ya nuna kusan rabin masu lupus ne kawai ke kai shekara 4 bayan an gano cutar. Masu nau'in kumburin ƙoda mafi tsanani kuwa, ƙasa da 1 cikin 5 ne ke kai shekara 5.

Kotizon da allurar tsakuro ƙoda

A 1948 Philip Hench ya fara ba masu ciwon gaɓoɓi kotizon, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1950. Ba a jima ba aka gwada shi a kan masu lupus, zazzaɓi ya sauka, gaɓoɓi suka saki, ƙurji ya ɓace. Ƙoda ce ta ƙi bin sahu. A shekarun 1950 wasu likitoci a Chicago, Robert Kark da Robert Muehrcke da Conrad Pirani da Victor Pollak, suka ƙware wajen soka siririyar allura ta baya su tsakuro ɗan naman ƙoda, su duba shi da madubin likita. Rahotonsu na 1957 ya tabbatar da cewa kumburin iri-iri ne: wani mai sauƙi ne, wani kuma yana cinye ƙoda cikin 'yan shekaru. A kan wannan tushe Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cutar aji-aji a 1974, aka sake tsara ta zuwa aji 6 a 2003. Ba don wannan rarrabewa ba da gwaji bai yiwu ba, domin mai aji na 2 da mai aji na 4 ba hanya ɗaya ciwonsu ke bi ba.

Pollak da abokansa sun kuma nuna cewa firednizon mai yawa, ɗan'uwan kotizon, yana ƙara wa masu aji mai tsanani kwana. Sai dai maganin na da nasa haraji: fuska ta yi ƙiba, sukari ya hau, ƙashi ya yi laushi, jiki ya kasa kare kansa daga cututtuka.

Ƙuri'a da dogon jira

Lupus takan lafa ta sake tashi da kanta, saboda haka samun sauƙin majiyyaci bayan shan magani ba hujja ba ce a kan ingancin maganin. Mafita ta fito daga Ingila, inda a 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka bisa tsarin Austin Bradford Hill. A wannan tsari ana raba majiyyata rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su sabon magani. Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 suka shimfiɗa sharaɗin da ke sama da kowanne: sai an yi wa mutum bayani ya fahimta, ya kuma yarda da kansa.

Cibiyar binciken lafiya ta Amurka da ke Bethesda ta ɗauki wannan tsari ta bi majiyyata 107 na tsawon shekaru. A 1986 Howard Austin da abokansa suka buga sakamako: waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da saikulofosfamaid, wani maganin ciwon daji, tare da firednizon kaɗan, sun fi tsira daga mutuwar ƙoda a kan waɗanda suka sha firednizon zalla. Bambancin bai fito fili ba sai bayan shekara 5. Da an rufe gwajin a shekara ta 2, da an yanke hukuncin cewa maganin ba shi da amfani.

Saikulofosfamaid ya ceci ƙoda, amma yana zubar da gashi, yana ƙona mafitsara, yana kuma iya ɗauke wa mace al'ada da haihuwa har abada. Ga cutar da ta fi kama matan da ke tsakiyar shekarun haihuwa, wannan babbar asara ce. Saboda haka gwaje-gwajen da suka biyo baya suka karkata ga neman rage guba.

Rage guba da batun asali

A 2000 Chan Tak Mao na Hong Kong ya gwada maikofenolet, ƙwayar da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, a kan majiyyata 42, ya samu amfaninta ya yi daidai da na saikulofosfamaid, illarta kuma ta fi sauƙi. A 2002 Frédéric Houssiau na Beljiyam ya jagoranci gwaji a kan mutum 90 a ƙasashen Turai, ya nuna cewa miligiram 500 na saikulofosfamaid sau 6, duk bayan mako 2, ya wadatar. Amma yawancin waɗanda aka gwada Turawa ne, alhali cutar ta fi yawa da tsanani a jikin baƙar fata da mutanen Asiya.

A 2005 Ellen Ginzler ta New York ta buga gwajin mutum 140, fiye da rabinsu baƙar fata, inda maikofenolet ta yi zarra. Wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa a 2009, mai mutum 370, ya samu magungunan biyu sun yi kunnen doki, kashi 56 cikin 100 da kashi 53. Da aka ware rukunin da yawancinsa baƙar fata ne da masu ruwa biyu, sai aka ga kashi 60 sun amfana da maikofenolet, kashi 39 kuma da saikulofosfamaid. Wannan ya nuna wa masana cewa sakamakon gwajin da aka yi a kan wata al'umma ba lallai ya zauna daram a kan wata ba. Ita ma maikofenolet tana da nata sharaɗi: tana naƙasa ɗan tayi, don haka mai neman ciki akan mayar da ita kan azatiyofirin tun kafin ta ɗauka.

A gefe guda akwai tsohon magani da kowa ya sani a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro. Tun 1894 Joseph Payne ya yi amfani da kuni wajen maganin ƙurjin lupus a Landan. A 1991 likitocin Kanada suka raba mutum 47 masu shan haidiroksikulorokin, ɗan'uwan kulorokin, aka ci gaba da ba wasu, aka janye wa wasu. Haɗarin tashin cutar ga waɗanda aka janye wa ya ninka sau 2 da rabi. A yau ana ba da shi ga kusan duk mai lupus, har da masu ciki.

Sababbin magunguna

Daga shekarun 2000 aka shiga zamanin magungunan da ke auna wani sashe guda na garkuwar jiki. A irin wannan gwaji ba a barin kowa haka nan. Kowa na shan maganin da aka saba, sannan a ƙara wa rukuni ɗaya sabon magani, ɗayan kuma a ba shi abin da ya yi kama da shi amma babu sinadari a ciki, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wa ya samu wanne ba. Da yawa sun faɗi wannan jarrabawa. Rituksimab, wanda aka ɗora wa babban buri, ya kasa nuna fifikon da za a dogara da shi a gwajin mutum 144 da aka buga a 2012.

Nasara ta zo a 2020 da belimumab: cikin mutum 448 da aka bi mako 104, kashi 43 sun samu lafawar ƙoda, a ɗaya rukunin kuma kashi 32. A watan Disamba na shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, ya zama magani na farko da ta yi wa rajista musamman don wannan ciwo. A Janairun 2021 bokulosforin ya biyo baya, bayan gwajin mutum 357 da ya ba da kashi 41 da kashi 23. A 2025 aka buga gwajin obinutuzumab a kan mutum 271, da kashi 46 da kashi 33. Alƙaluman sun nuna ci gaba, sun kuma nuna iyakarsa, domin a dukkan gwaje-gwajen uku fiye da rabin waɗanda suka samu sabon maganin ba su kai mizanin da aka gindaya ba.

Afirka ta Yamma da ƙasar Hausa

An daɗe ana ɗauka lupus ba ta cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. A 1968 Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekara 10 yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka sun yi ƙaranci a asibitin koyarwa na Ibadan, ya kuma yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro na iya zama kariya. Da ƙwararru da ɗakunan awo suka ƙaru sai lissafi ya sauya. A 2009 Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka ba da rahoton masu lupus 66 cikin majiyyata 1,250 da aka gani a wani asibitin ciwon gaɓoɓi a Legas. A 2010 kuma aka gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1, masu yawa a Afirka ta Yamma. Suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su ta uwa da uba ya fi shiga haɗarin mutuwar ƙoda, har da mai lupus.

Duk da haka, manyan gwaje-gwajen da aka ambata an gudanar da su ne galibi a Amurka da Turai da Asiya. Abin da ƙasar Hausa ta sani game da gwajin magani ya zo ta wasu cututtuka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, rabi da sabon maganin, rabi da wani sananne. Yara 11 sun rasu, wasu sun naƙasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi kisan kuma an nemi yardarsu da baki. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75. Rashin yardar da lamarin ya bari na cikin dalilan ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003.

Akwai kuma misali mai kyau. A 2014 da 2015, a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar suka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500. Ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kusan kashi 67, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. Aikin ya tabbatar da cewa ana iya gudanar da gwaji bisa ƙa'ida a ƙauyukan Hausa.

Gwajin maganin lupus na bukatar fiye da haka: ƙwararren likitan ƙoda, da ɗakin duba naman ƙoda, da bin majiyyaci shekara da shekaru. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya yi dashen ƙodarsa na farko a 2002, yana cikin wuraren da ke da irin wannan ƙwarewa. A Nijar kuwa, aikin ƙoda ya fi taruwa a Yamai, musamman asibitin Lamorde. Matar da ƙafarta ta kumbura a Allakaye, a gundumar Buza ta ƙasar Adar, za ta fara da gidan likita na garinsu, ta wuce Buza ko Madawa ko Galmi, inda asibitin mishan ke aiki tun 1950, ko kuma Tawa. Tsakaninta da Yamai akwai sama da kilomita 500, kuma wankin ƙoda kan bukaci zuwa sau 2 ko 3 kowane mako. A wannan tazara ciwon gaɓoɓi kan tafi a matsayin sanyin ƙashi, zazzaɓi a matsayin na sauro, har ƙoda ta yi nisa.

Abu biyu suka rage wa hukumomin lafiya na Nijar da Najeriya. Na farko shi ne shigar da asibitocinsu cikin gwaje-gwajen duniya, da bayani a harshen majiyyaci da yardarsa a rubuce, domin a san yadda magungunan ke aiki a jikin mutanen yankin. Na biyu shi ne gano cutar da wuri. Tsinken awon fitsari yana nuna furotin cikin minti 1 ko 2, kuma kowane ƙaramin gidan likita na iya ajiye shi. Duk budurwa ko matar aure da ke fama da ciwon gaɓoɓi da ƙurjin fuska da zubewar gashi, ko fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa, ya kamata a auna fitsarinta da hawan jininta a ranar farko da ta je asibiti.