Aikin Injin Zaren Roba: Tarihinsa da Rabon Ƙasar Katsina

Zaren roba zare ne da ake samu daga sinadaran man fetur maimakon gona. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan a 1935, ya buɗe masana'antarsa a Seaford a 1939, sannan masana kimiyya Whinfield da Dickson suka gano foliyesta a Ingila a 1941. Daga nan aka samu sabon ma'aikaci wanda ba masaƙi ba ne, ba kuma mai kaɗi ba. Aikinsa tsaron inji: ana narkar da ƙwayoyin roba da zafin da ya kai wajen digiri 280, a matso narkakken ta wani faifan ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, iska ta sandarar da silin, a ja shi ya yi ƙwari, a naɗe ko a yayyanka shi gajeru don gauraya da auduga. Idan wuta ta ɗauke, robar ta daskare a cikin bututu, sai an kwance an kankare. Shi ya sa ake aikin dare da rana, ana karɓa-karɓa.

Wannan sana'a ba ta kafu a Katsina ta tsakiya ba. A da, arzikin yankin auduga ce, wadda ake kai wa injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, kuma masaƙun Kaduna, tun daga KTL a 1957 har UNTL da Cha Chi Ming na Hongkong ya kafa a 1964, a kanta suka dogara. Da rukunin UNTL ya so yin foliyesta, a Ikorodu ta Legas aka yi shi, a kamfanin Nichemtex, kusa da tashar jiragen ruwan da ke shigo da sinadaran. Matashin Dutsin-Ma ko Kurfi da ya shiga masaƙa, galibi kaɗi da saƙa ya tarar, da zaren da wani ya riga ya narkar a kudu. Abin da ya fi kusa da sana'ar a arewa shi ne masana'antun Sharaɗa da Chalawa a Kano, inda ake mayar da roba sili-sili a saƙa buhu da tabarma. Buhun da ake ɗura masara a kasuwar Dutsin-Ma da igiyar ɗaure akuya duk daga irin wannan inji suka fito.

Akwai masu cewa zaren roba ne ya kashe audugarmu da masaƙunmu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don buhun roba ya kori na algarara, tabarmar roba ta rage wa masu saƙar kaba kasuwa. Amma KTL da ta rufe a 2002 da UNTL ta Kaduna da ta tsaya a 2007 yadin auduga ne babbar hajarsu. Abin da ya durƙusar da su rashin wuta ne, da tsadar baƙin mai, da janye takunkumin shigo da yadi a 1997, da kayan Sin da ake fasa-ƙwaurinsu ta Maraɗi da Jibiya. Matsalar wuta kuwa ta fi cutar mai injin roba, domin masaƙi yana iya jiran wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, shi kuwa duk ɗaukewar wuta asarar kaya ce.