Nankarwa, Borin Jini Ko Shawara? Sunayen Ƙaiƙayin Tsohon Ciki A Jibiya

Idan ciki ya shiga wata na takwas, mace ta kama susar mara da cinyoyi har barci ya gagare ta, kafin a nemo mata magani sai an raɗa wa abin suna. Uwar miji ce za ta ce, "Ɗaga rigar mu gani, 'yar nan." Ta duba, ta yanke hukunci. Sunan da ya fito daga bakinta kuwa shi zai nuna inda za a dosa: wurin mai saiwoyi a kasuwar Lahadi ta Jibiya, ko kemis ɗin bakin titi, ko layin awo a babban asibitin garin.

Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne nankarwa. Asalinta zanen nan ne da ke tsagowa a fatar ciki da ƙirji da cinya idan fata ta miƙe fiye da yadda ta saba, amma mata kan haɗa zanen da ƙaiƙayinsa su kira su da suna ɗaya. Tsofaffi kan ce kada a sosa, a shafa man kaɗe. Shawarar ba ta da laifi: fatar da ta bushe ta fi ƙaiƙayi, farce kuma yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Sai dai akwai lokacin da ƙananan ƙuraje ke fesowa a cikin zanen nankarwar kansa, su haɗe su yi tudu-tudu, su gangara cinya da ɗuwawu da damtse, amma su bar zagayen cibiya fes. A farar fata ja suke fitowa. A tamu fatar jan ba ya nunawa sosai, sai dai a shafa a ji kaushinsu, ko a ga wurin ya ƙara duhu.

Wannan likitocin fata sun ba shi sunansa daban, su ma ba su daidaita a kai ba. A 1979 wasu likitocin Amurka, Lawley da abokan aikinsa, suka yi masa dogon suna da ake taƙaitawa PUPPP. 'Yan shekaru bayan haka na Ingila suka zaɓi PEP. Ciwo ɗaya ne. Yana samun kamar mace ɗaya cikin 160 zuwa 200, ya fi kama mai cikin fari da mai ɗauke da tagwaye, abin da ya sa ake danganta shi da yawan miƙewar fata. Ba ya taɓa ɗan da ke ciki, ba ya yaɗuwa zuwa ga miji ko kishiya, kuma yakan baje cikin 'yan makonni bayan an sauka. Wahalarsa dai dare ne. Wanka da ruwa mai sanyi, sakin zani, barin sabulu mai ƙamshi, shafa kalamin, sukan rage; idan ya ci tura, ma'aikaciyar awo kan rubuta man shafawa da ƙwayar ƙaiƙayi da ta dace da mai juna biyu. A nan nankarwar tsofaffi da PUPPP ɗin likita ba su yi nisa da juna ba, domin dukansu haƙuri suke ba mai ciki.

Borin jini suna ne mai daɗin ji. Kamar yadda yaro ke bori ya tashi hankalin gida sannan ya huce, haka fata ke kumbura nan da can, bayan 'yan sa'o'i ta lafa, ta sake ɓullowa wani wurin. Wannan yawon shi ne alamarsa. Wanda ya zauna daram a zanen ciki mako guda ba borin jini ba ne, ko da an kira shi haka. Ƙurajen zafi kuwa duk wanda ya yi bazara a Jibiya ya san su, a wuya da ƙarƙashin mama da duk inda zufa ke taruwa.

Ƙazuwa ce sunan da ba a son furtawa, don ana ganin ta ƙazami ce, alhali wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke haƙa fata. Ta fi son tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma ba ta kama mutum ɗaya a ɗaki. A garin da rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka suka cunkushe a gidajen 'yan'uwa, tambayar da ta kamata ita ce: yaran ma suna susa? In haka ne, magani na gidan gaba ɗaya ne, har da wanke shimfiɗa, kunya ba ta warkar da ita.

Zaman kan iyaka ya ƙara wa lamarin wani salo. Mace daga Magama tana iya samun uwa a Ɗan Isa ko Maradi, ta fara awo a nan, ta tafi goyon ciki can. A nan ta ce za ta asibiti, can a ce za ta likita. Katinta na wannan gefe da Turanci, na wancan da Faransanci. Abin da ke ƙetare iyaka ba tare da tafinta ba shi ne bayanin bakinta na Hausa. In ta ce "nankarwa ce ke damu na" ta yi shiru, ta riga ta amsa tambayar da ba a yi mata ba, ma'aikaciyar da layi ya yi wa yawa kuma ta wuce.

Abin da ya fi damu na shi ne ƙaiƙayin da ba mu yi wa suna ba. Sunayenmu duka na abin da ido ya gani ne, wannan kuwa ba shi da ƙurji ko ɗaya, sai sawun farcen mai susa. Yakan fi tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, ya tsananta da dare. Wani lokaci fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari. Tushensa hanta ne: a ƙarshen ciki ruwan maɗaciya ya daina gudana yadda ya kamata, sinadaransa su taru a jini. Katin Maradi zai kira shi cholestase gravidique. A Hausa mafi kusa da shi ita ce shawara, amma mu ba ma cewa shawara sai ido ya yi rawaya, kuma yawancin masu wannan matsala idonsu fari tas yake. Sai a duba jiki, a ga ba komai, a ce zafi ne, ko jini ne ya yi yawa, a jiƙa mata sassaƙe.

Wannan ƙaiƙayin hanta kuwa shi ne wanda ke iya janyo haihuwar bakwaini, ko ɗa ya mutu a ciki, musamman idan sinadaran sun hau sosai. Ido ba ya gano shi, sai gwajin jini na aikin hanta da na ruwan maɗaciya. Inda ba a yin gwajin, a nemi takardar zuwa Katsina, Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Da sakamakon ne likita ke yanke ko za a jira naƙuda ko a tayar da ita kafin lokaci. Haka ma ƙurajen da suka fara daga cibiya suka ɗuri ruwa kamar ƙuna, ba safai ake samun su ba amma na likita ne, ba na man kaɗe ba.

Don haka a ranar awo, maimakon suna, a faɗi wuri da lokaci: "Malama, tafin hannuna da ƙafata ke ƙaiƙayi, da dare ya fi, kuma ba ƙuraje." Ƙaiƙayin hanta yakan tafi bayan haihuwa, amma sau da yawa yana dawowa a ciki na gaba. Wadda ta taɓa yin sa ta ambata tun a awon farko, ko a Jibiya ne ko a Maradi.