Daga Tsabar Rumawa zuwa Anini: Farautar Tsohon Kuɗi da Asarar Tarihi a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta kwaɗayin masu tara tsabar kuɗin Rumawa da halin da tsofaffin kuɗi suke ciki a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano. Ta dogara da rubutattun bayanai, ta kuma nuna cewa abin da ke ba tsohon kuɗi daraja wajen manazarci shi ne wurin da aka tsince shi.

Gabatarwa

A watan Oktoban 2020 an yi gwanjon wata tsabar zinariya ta Rumawa a Landan, wadda Burutus ya sa aka buga don tunawa da kisan Yuliyas Kaisar, aka saye ta a kan fiye da fam miliyan 3. A 2023 aka mayar da ita Girka, bayan ta tabbata cewa fitar da ita aka yi ta ɓarauniyar hanya, aka haɗa mata takardun asali na ƙarya. Mai tarawa ƙarancin abu yake biya. Ramin da aka haƙo shi, da abin da ke kwance kusa da shi, ba su dame shi ba.

Kuɗin Rumawa sun shiga Sahara: an same su a Fezzan, an kuma ga tambarin kuɗin Sarki Kwanstantin a kabarin Tin Hinan da ke Abalesa a kudancin Aljeriya. Ƙasar Kano kuwa nata tarihin kuɗin daban ne.

Wuri, liyari da anini

Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) wuri ya shigo. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, kuma keso guda yana cin wuri 20,000. Hogendorn da Johnson (1986) sun bi sawun wannan wuri tun daga tsibiran Maldibs. Nauyinsa ya sa fatake suka fi son liyari, wato dalar Sarauniya Mariya Tereza, mai nauyin kimanin giram 28. Kowane liyari da aka buga bayan rasuwar sarauniyar yana ɗauke da shekarar 1780, ko da kuwa a ƙarni na 20 aka buga shi. Da wannan ne dillali yake rufe idon mai saye.

Anini ya zo da Turawa. Na 1907 da alminiyam aka yi shi, kafin a koma gaurayen tagulla da nikel. Yana da huji a tsakiya don a zura shi a zare, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsa, ɗaya bisa goma na kwabo. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗa da biyan haraji da tsaba, su suka kai anini kasuwannin Bichi, Dambatta da Minjibir. Na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a shekarar, shi ne ake yawan zuzutawa. Gaskiyar magana, miliyoyi aka buga, kuma farashinsa a kasuwar masu tarawa bai taka kara ya karya ba.

Matsalar gonar da ba ta hutu

A Ungogo, Dawakin Tofa da Minjibir gona ba ta kwana saura. Manazarci Mortimore ya bayyana yadda ake nome ƙasar nan kowace damina, ana ciyar da ita da takin da jakai suke ɗaukowa daga birni. Wannan yana da tasiri ga manazarci: kwabon da manomi ya tono yana huɗa, mai yiwuwa a bolar wata unguwa ta cikin birni ya faɗi, mangala ta kawo shi. Tsaba ɗaya tilo a cikin kunya ba hujja ba ce a kan cinikin ƙauyen.

Tukunyar kuɗin da aka binne a kufai ita ce shaida mai ƙarfi. Tsabar da ta fi sabunta a cikinta tana nuna cewa ba a binne tukunyar kafin a buga wannan tsaba ba, yawan wuri da na kwabo kuma yana nuna yadda ɗaya ya ture ɗaya. Da zarar an zazzage ta, azurfar ta tafi wajen maƙerin fari ta zama awarwaro, sauran suka nufi rumfunan kayan tarihi a kasuwar Kurmi, to shaidar ta watse. A ganin wannan maƙala, maƙerin ya fi mai tarawa uzuri, domin sana'ar gado yake yi, bai kuma yi da'awar adana tarihi ba.

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma tsoron ƙwace yana sa mai tsintuwa ya ja bakinsa. Ya kamata Gidan Makama da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero su buɗe rajista ta hannun dagatai da masu unguwanni, inda manomi zai faɗi gonar da zurfin ramin, a ɗauki hoton tukunyar da abin da ke cikinta kafin a raba su.