Wa Ke Riƙe da Makullin Rumbu? Darasi daga Tarihin Agajin Ekklesiyar 'Yan'uwa

Mu mutanen karkarar arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, ƙasarmu ba ta da faɗin da za a bar gona ta huta. Gona tana jingine da gona, gamba ce kawai ke nuna iyaka, kuma kowane taƙi yana da mai shi. Duk da wannan matsi, ƙasar nan ba ta taɓa rabuwa da baƙin wahala ba. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914, lokacin da mutane suka yi ta kwararowa daga arewa suna neman abin sakawa a baki. Waɗanda muka haura hamsin mun tashi muna jin labarin farin 1973 da 1974, wasunmu ma sun ga Buzaye da idonsu zaune a bakin kasuwa, dabbobinsu sun ƙare. Yau kuwa daga yamma ake zuwa mana, daga ƙauyukan Batsari, Jibiya da Faskari, mata da yara waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu.

Idan kaka ta yi muka kawo baikon godiya, ikilisiyoyinmu da dama sukan ware damman gero da dawa saboda irin waɗannan baƙi. Bayarwa ba ta cika yi mana wuya ba. Inda muke tuntuɓe shi ne bayan an tara: wa zai riƙe makullin rumbu, wa zai rubuta sunayen mabukata, a gaban wa kuma za a ba da lissafi? Saboda wannan tambaya nake so in ba ku tarihin wata ikilisiya ta arewacin ƙasarmu wadda ta wayi gari ita kanta 'yar gudun hijira ce, amma ta zama mai ciyar da 'yan gudun hijira.

A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta fari a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura. Daga wannan inuwa ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta tsiro, ta bazu cikin Bura, Margi, Kibaku, Kamwe da sauran kabilun kudancin Borno da arewacin Adamawa. Hausa ce harshen da ya haɗa su a sujada da majalisa, kamar yadda ta haɗa mu.

Ikilisiyar da ta aiko waɗannan mutane biyu ta san ɗacin hijira tun daga tushenta. An kafa ta a 1708 a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, inda mutum takwas, tare da jagoransu Alexander Mack, suka yi baftisma a rafi. Tsanani da talauci suka kore su, har yawancinsu suka ƙetare teku zuwa Amurka a 1719 da 1729. Sun ɗauki koyarwar Yesu ta ƙin ramuwa da muhimmanci ƙwarai, har suka ƙi shiga yaƙi. Da yake ba sa ɗaukar makami, sai suka koyi ɗaukar buhu. Wani ɗan ikilisiyar mai suna Dan West, bayan ya raba wa yara madara a lokacin yaƙin basasar Sifen, ya gane cewa kofin madara yana ƙarewa amma saniya tana haihuwa. A 1944 aka aika da karsana 17 na farko, bisa sharaɗin cewa wanda ya samu zai ba wani mabukaci 'yar maraƙar farko. Duk wanda ya san yadda matanmu suke ba juna kiwon akuya zai gane hikimar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shekarar 2014 ce ta gwada wannan gado. A daren 14 ga Afrilu aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. Garuruwa suka riƙa faɗawa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, har Gwoza da Michika. A ranar 29 ga Oktoba mayaƙan suka shiga Mubi, suka mamaye hedikwatar ikilisiyar da ke Kwarhi tare da Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Kulp. Shugaban ikilisiyar na lokacin, Rabaran Samuel Dante Dali, da ma'aikata da ɗalibai da iyalansu suka watse. Wasu suka bi daji da ƙafa, wasu suka haura duwatsu zuwa Kamaru, inda sansanin Minawao ya riga ya cika da mutanen Gwoza. Aka mai da hedikwata Jos na wucin gadi. Bayan shekara shida, a Yulin 2020, magajinsa Rabaran Joel Billi ya bayyana wa duniya lissafin hasarar: an kashe masu bi fiye da 8,370, fiye da 700,000 sun rasa matsuguni, an ƙone ko an lalata majami'u 300 daga cikin 586.

Ku dubi halin da shugabannin suka shiga. Fastocin da ya kamata su raba taimako su ma ba su da tabarmar kwanciya. Kowane dattijo yana da ƙane ko suruki a cikin masu jin yunwa. A daidai wannan lokaci kuɗi suka fara shigowa, gama a watan Oktoban 2014 hukumar ikilisiyar 'yan'uwansu ta Amurka ta amince da ware kuɗi har dala miliyan 1.5, daga baya kuma wasu abokan aiki kamar Mission 21 ta Basel a Suwizalan suka sa hannu. Kuɗi mai yawa a hannun mutum mai yunwa, wanda danginsa ke kuka a ƙofarsa, jarraba ce babba ko da shi mai tsoron Allah ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da suka yi shi ne abin koyi. A Amurka aka buɗe asusu na musamman saboda wannan masifa kaɗai, domin kada kuɗin agaji ya gauraya da na sauran hidimomi. A Nijeriya aka kafa wata ƙungiyar ma'aikata da aikinta ke nan, wadda daga baya ta zama sashen agajin gaggawa na ikilisiyar, ƙarƙashin Rabaran Yuguda Mdurvwa. Sashen yana ƙarƙashin shugabannin da Majalisa, wato babban taron ikilisiyar na shekara, take zaɓa. Aka kasa aikin kashi kashi: abinci, magani, rufin gidajen da aka ƙone, iri da taki, kuɗin makarantar marayu, koyar da sana'a ga gwauraye, da warkar da raunin zuciya. Aka riƙa rubuta rahoton abin da aka yi ana bugawa, domin tsohuwar da ta ba da ɗan abin hannunta a wata ƙasa ta san inda ya tafi. Aka sayi filaye aka gina ƙananan unguwanni, irin na Masaka a jihar Nasarawa da na kusa da Yola, saboda waɗanda garuruwansu ba su komuwa. Da hankali ya fara kwantawa, sai nauyin aikin ya karkata daga rabon masara zuwa ba da iri, taki, awaki da noman waken soya. Darasin karsanar Dan West ke nan ya dawo.

Ikilisiyar ba ta ce dole kome ya bi ta hannunta ba. Ta yi aiki da ƙananan ƙungiyoyin da 'ya'yanta suka kafa, kuma biyu daga cikinsu sun cancanci mu tsaya a kansu. Ta farko ita ce CCEPI, wadda Dakta Rebecca Dali ta kafa domin gwauraye da marayu. Wannan baiwar Allah ta ɗauki rubuta suna a matsayin hidima. Duk inda ta kai taimako sai ta tambayi wanda aka kashe, da garinsu, da ranar da abin ya faru, ta rubuta. A 2015 aka baje sunaye wajen 10,000 daga cikin rubutunta a babban taron ikilisiyar a Amurka, mutane suka tsaya suna karantawa suna hawaye. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a birnin Janiba. Littafin suna yana yin aiki biyu: yana hana mai wayo karɓa sau uku alhali gwauruwa mai kunya ba ta samu ko sau ɗaya ba, yana kuma shaida cewa wanda aka taimaka mutum ne mai suna, wanda Allah ya sani.

Ta biyu ita ce ƙungiyar da Markus Gamache ya jagoranta, wadda ta kafa zangon Gurku kusa da Abuja tun daga 2014. A can Kirista da Musulmi waɗanda masifa ɗaya ta koro suke zaune unguwa ɗaya, da majami'a da masallaci, suna ɗiban ruwa a wuri guda. Mutanen da aka ƙone musu ɗakunan sujada ne suka yarda a gina wa maƙwabcinsu Musulmi ɗaki kusa da nasu. Wannan ya amsa wata tambaya da takan taso a zaman dattawanmu, wato ko hatsin ikilisiya na masu bi ne kaɗai. Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misalinsa a Luka sura 10 bai tambayi wanda ya tarar kwance a hanya ko ina yake sujada ba. Kuma wanda ya sa sharaɗin tuba a bakin buhu ya mai da bishara ciniki.

Kada wani ya ɗauka cewa kwamiti da littafin lissafi al'adar Turawa ce da aka ɗora mana. Gunagunin farko da aka rubuta a tarihin ikilisiya a kan rabon abinci ya tashi. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su tsawata musu ba, ba su kuma ce a yi shiru saboda sunan ikilisiya ba. Sun sa taron masu bi ya zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, kuma idan ka duba sunayen, daga Istifanas har Nikolas, duka na Helenanci ne. Wato an danƙa makullin a hannun ɓangaren da ya yi ƙorafi. Haka kuma Bulus, da yake tara gudummawa saboda matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa sura 8 ya bayyana cewa akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya yi rakiyar baikon, domin kada a sami abin zargi, gama yana so al'amarin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. Idan manzo ya nemi mai sa masa ido, wane ne ni da zan ce a amince da ni kawai?

Na faɗi haka ne da kunya, domin na taɓa yin wannan kuskure. A wata ikilisiya da na yi hidima ina saurayin fasto, mun tara hatsi saboda wasu iyalai da suka sauka a garin ba su da kome. Makullin yana aljihuna. Wanda ya zo ya yi mini kuka sai in auna masa, ban rubuta ba, ban kira kowa ya shaida ba. Ko tiya ɗaya ban kai gidana ba, Allah shi ne shaida. Amma da rumbu ya ƙare, sai aka tarar da wata tsohuwa da jikoki uku a bayan gari waɗanda ba su sami ko ƙwaya ba, saboda ita ba mai iya zuwa ƙofar fasto ta roƙa ba ce. Da dattawa suka tambaye ni lissafi, ba ni da abin nunawa sai rantsuwa. Shekarar da ta biyo baya baikon ya ragu ƙwarai, kuma ban ga laifin kowa ba. Tsabtar hannuna ba ta ciyar da tsohuwar nan ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙon kowace ikilisiya a karkararmu, kome ƙanƙantarta. Taron masu bi ne zai zaɓi masu kula da rumbun baƙi, kada fasto ya naɗa su shi kaɗai, kuma a sa 'yan zumuntar mata a ciki, gama su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A sa wa rumbu kwado biyu, makullan a hannun mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba. Mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutu dabam. A bi gida gida a rubuta sunaye kafin ranar rabo, a nemi ɗaya daga cikin baƙin ya zauna tare da masu rabon, a kuma sanar da mai unguwa. A karanta lissafi a gaban jama'a bayan sujada, abin da ya shigo da abin da ya fita, ba tare da an ambaci sunan wanda ya karɓa ba, domin a rufa masa asiri. In damina ta kusa, a tuna da iri da aron ɗan fili, ko da kunya goma ce, gama mai noma ba ya son ya daɗe yana miƙa ƙwarya.

EYN ta koma Kwarhi, ta kuma yi bikin cika shekara 100 a 2023, ko da yake har yanzu wasu 'ya'yanta suna Minawao, wasu 'yan matan Chibok kuma ba su dawo ba. Mu riƙa tunawa da su. Mu kuma tuna cewa Ubangijinmu da kansa an gudu da shi Masar yana jariri, ya ci abincin baƙunci a ƙasar da ba tasa ba, ya kuma gaya mana a Matiyu sura 25 cewa abin da muka yi wa baƙo shi muka yi wa. Hatsin da ke rumbun nan nasa ne tun kafin mu auna shi.

Ya Uba, kai da ka ciyar da jama'arka a jeji, ka ba mu zuciyar bayarwa da hannun riƙon amana. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda kunya ta hana shi roƙo. Ka mai da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, ka ba ƙasarmu salama. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.