Gamba a Ƙasar Garwa

Tun kafin Fulani su kafa garin Garwa a bakin kogin Binuwai, a farkon ƙarni na 19, mutanen ƙasar, wato Fali da Bata, suna zaune da gamba. Ciyawa ce mai tsawo, takan kai mita uku ko fiye, gindinta kuma ba ya mutuwa da rani. Ba wanda ya shuka ta. Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah ya yi ciyayi kafin ya yi mutum, gamba kuwa tana cikin wannan kyauta.

Da ita ake saƙa zana, da zana kuma ake kewaye gida, a rufe rumbu, a yi rumfar kasuwa. Fatake Hausawa da suka sauka a Garwa sun tarar da ciyawar da suka sani tun daga gida. Makiyayi yana sonta domin tana cikin masu fara toho da ruwan fari, lokacin da shanu suka rame. Manomi kuwa ya ɗauke ta alama. In ya bar gona ta huta shekaru, ya ga gamba ta rufe ta, ya san ƙasa ta farfaɗo.

Jamus sun ci Garwa a 1901, Ingila da Faransa suka kore su a 1915, amma gidan talaka bai sake ba. Masu aikin bishara na Lutheran da suka shigo arewacin Kamaru wajen 1920, da limaman Katolika da suka iso a 1946, sun sami ƙauyuka na laka da ciyawa. A wurare da yawa masu bi na fari sun yi sujada a ƙarƙashin rumfar zana wadda suka saƙa da hannunsu.

Abin da ya taɓa gamba shi ne ƙarancin fili. Noman auduga ya yaɗu, aka kafa kamfanin Sodecoton a 1974, da hedkwatarsa a Garwa. A shekarun nan aka kawo iyalai da yawa daga duwatsun Mandara su zauna a kwarin Binuwai, cikinsu har da Kirista masu yawa. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, masunta da manoma suka ƙara tahowa. Gonaki suka daina samun hutu. Gamba kuwa ba ta jure garma kowace shekara, ko kiwo ba sassauci. Sai ta ja da baya, mai neman zana ya riƙa tafiya nesa ko ya saya da kuɗi.

A wannan lokaci ne sunanta ya yi nisa a duniya. An ɗauki irinta daga Shika kusa da Zariya zuwa Kolombiya, aka ba makiyayan can a 1980. A Ostareliya ma, da sunanta na Hausa ake kiranta. Amma can, inda ba a yanka ta, ta cika daji, wutarta tana kashe itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin ciyayi mafi ɓarna a ƙasar.

Manoman ƙasar Hausa sun riga mutanen Binuwai shiga matsin fili, sun kuma daɗe da samun dabara. Da damina sukan tsaga gindin gamba su dasa a iyakar gona. Tana nuna iyaka, ta rage faɗa tsakanin maƙwabta, ta tare ƙasar da ruwa zai kwashe, da kaka kuma a yanka. Ikkilisiyar da take da fili, da maigidan da yake da gona, suna iya yin haka. Abin da kakanni suka samu kyauta a daji, yanzu sai an dasa an kiyaye kafin jikoki su same shi.