Dutsen Dala Da Maƙeran Gaya

Matafiyin da ya taso daga Ajingi ko Gaya ya nufi yamma, ya haye kogi a Wudil, ba zai ga wani tsauni na a zo a gani ba, sai fili da gonaki, har ya iso Kano. Can cikin birni ne zai tarad da duwatsu biyu suna kallon juna, watau Dala da Goron Dutse. Mutanen gabas da yawa sun ɗauka Dala kayan 'yan birni ne su kaɗai. To, nufinmu yau mu nuna musu suna da gādo a cikinsa, gama in an bi salsala, daga wajensu hanyar ta taso.

Bari mu fara da dutsen kansa, don kowane dutse da irin arzikin da Allah ya ajiye cikinsa. A Kalambaina ta ƙasar Sakkwato akwai dutsen farar ƙasa, wanda ya taru a ƙarƙashin wani teku da ya ƙafe tun zamanin da babu ɗan Adam, shi ne ake ƙonawa a yi siminti. Dala kuwa ba irinsa ba ne. Shi ja ne, kansa marmara ce mai tauri, ita ta zame masa hula. Ruwan sama ya yi ta zaizaye ƙasar da ke kewaye shekara da shekaru, shi kuwa hular nan ta tsare shi, ya tsaya. An auna ƙwanƙolinsa ƙafa wajen 1,750 ne bisa teku, amma fa da tudun da birnin ke zaune a kai aka haɗa lissafin. Jan nan nasa alamar tama ce, watau dutsen da ake narkawa a fid da ƙarfe.

Tama ɗin nan ita ta jawo mutane. Akwai wata zuriyar maƙera a Kano da ake kira Abagayawa. Su ke faɗin kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna, har garin ya ci sunansa. Wannan labarin kaka da kakanni ne, amma ƙasa ta ba da tata shaida. Masu binciken kufai sun tono wurin narka tama kusa da dutsen, da aka gwada shekarunsa sai aka ga ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Ashe tun shekara ɗari uku da wani abu kafin sarautar Bagauda ana hura zugazugi a wurin.

Kada mai karatu ya raina wannan al'amari. Ƙarfe shi ne gatarin saran daji, shi ne garma da fartanya da lauje, shi ne kuma mashi da kibiya. Inda maƙeri ya kafa uwar maƙera, manomi ya kan matso kusa, maharbi ya biyo, daga nan sai kasuwa. Haka ƙauye ke zama gari.

Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature, H. R. Palmer, ya juya da Turanci cikin 1908, ya ce wani mutum mai suna Dala ne ya fara gina gida bisa dutsen. Daga zuriyarsa aka sami Barbushe, ƙaƙƙarfan maharbi, shi ne mai tsaron tsafin Tsumburbura. Wata itaciya ce aka kewaye da gini, ba mai shiga sai shi. Shekara shekara jama'a su kan taru da baƙaƙen dabbobi na yanka, shi kuwa ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku. Bisa ga lissafin Palmer, Bagauda ya hau sarauta cikin 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ganuwa, ya sa Dala cikinta. Sarki Tsamiya ya ci ɗakin tsafin da yaƙi, sa'an nan a zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Ita Gaya ma littafin bai manta da ita ba, ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati a zamanin Sarki Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa.

Da Rumfa ya gina fadarsa can kudu da dutsen, aka kafa kasuwar Kurmi, sai hankalin gari ya koma can, Dala ya zama wurin hange. Cikin 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya hau kansa ya zana surar birnin, da soraye da dabinai da kududdufai. Surar nan tana cikin littafinsa har yau. Sana'ar tama kuwa ta daɗe tana ci, sai da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ƙarfen Turai ya yi araha. Maƙeri ya ga sayen guntun ƙarfe ya fi masa sauƙi bisa ga kwana yana hura wuta, narka tama ta mutu a hankali.

Duk da haka jama'a ba su yar da dutsen ba. An yi masa matakala, mai ƙarfin gwiwa ya kan hau cikin ɗan lokaci kaɗan ya sha iska, ya hangi Goron Dutse da hasumiyoyin masallatai da unguwanni iyakar ganinsa. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya su kan yi ado su cika shi maƙil, ana wasa ana murna. Cikin 2007 kuma Nijeriya ta miƙa sunansa tare da ganuwa da kasuwar Kurmi da gidan Sarki ga hukumar UNESCO, cikin wuraren da ake neman a lissafa su kayan gādon duniya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Gidaje sun matse shi ta kowace fuska, ruwa yana cin gefensa, shara tana taruwa, wasu marasa kunya ma sun mai da lungunansa wurin biyan bukata. Hular da ta tsare shi dubban shekaru ba ta iya tsare shi daga hannun mutum. In an rushe soro a kan sāke ginawa, amma wa ya taɓa gina dutse?

Saboda haka muna roƙon hukuma ta shata masa iyaka, ta gyara magudanan ruwa, ta sa masu tsaro. Malaman makarantun Gaya da Ajingi kuma, in hali ya yi, su kai yara su hau, su ɗauki jan dutsen nan su nuna musu, su ce abin da kakanninku suka taso nema ke nan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.