Wai Waye Ya Ce 12 Ne? Tarihin Ƙirga Jijiyoyin Kai (Zare 🧵)

1/ Sati biyu ke nan ina haddar jijiyoyin kai guda 12 saboda jarrabawa, har mafarkinsu nake yi. Shekaranjiya cikin dare sai na tambayi kaina: wai waye ma ya ce 12 ne? Abin da na tono ya fi haddar daɗi nesa ba kusa ba. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Akwai kuma dalilin da ya sa abin ya tsaya min a rai. Bara Goggona ta tashi da safe bakinta ya karkace, idonta ɗaya ba ya rufuwa. Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci: aljani ne ya mare ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Mu fara warware ruɗani. A Hausa komai jijiya ne: ta jini jijiya, mai ɗaure tsoka da ƙashi ma jijiya. Wadda nake nufi ita ce mai ɗaukar saƙo kamar wayar lantarki. Galibinsu daga laka suke fitowa. Amma wasu daga ƙwaƙwalwa suke fita kai tsaye, ta ƙananan ramukan ƙoƙon kai.

4/ Su ne 12 a dama, 12 a hagu:
1 jin ƙanshi
2 gani
3, 4, 6 juya ido
5 jin taɓi a fuska, da tauna
7 motsin fuska, hawaye, ɗanɗano
8 ji, da daidaita jiki kar ka faɗi
9, 10 haɗiya da murya
11 ɗaga kafaɗa, juya wuya
12 motsa harshe

5/ Wato idan ka ji ƙanshin tsire, ka waiga, ka hango mai naman, yawu ya taru, ka tauna, ka haɗiye, ka ce "ƙaro na ɗari biyar", ka sa kusan dukkansu aiki cikin minti ɗaya. To amma duniya ta yi sama da shekara 1,400 tana cewa bakwai ne kacal.

6/ Mai bakwai ɗin shi ne Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus. An haife shi wajen shekara ta 129 a Pergamon, a Turkiyya ta yau. Ya fara da ɗinke raunukan 'yan dagar da ake haɗawa faɗa a gaban jama'a, daga baya ya zama likitan Sarkin Rum Marcus Aurelius.

7/ A zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba. Sai ya koma kan birai, aladu, shanu da awaki, abin da ya gani a jikinsu ya ɗora wa ɗan Adam. Ku lura da wannan, domin yawancin kurakuransa daga nan suka samo asali.

8/ Lokacin ana wata muhawara mai zafi: ina tunani yake, a zuciya ko a ƙwaƙwalwa? Aristotle ya ce zuciya, wai aikin ƙwaƙwalwa sanyaya jini ne kawai. Kar ku yi masa dariya fa, mu ma har gobe cewa muke "na raya a zuciyata."

9/ Galen bai tsaya musu da baki ba. A birnin Rum, gaban manyan gari, ya ɗaure alade da rai yana ta kururuwa, ya buɗe wuyansa ya datse wata siririyar jijiya a kowane gefe. Alade na ta shure-shure, zuciya na bugawa, numfashi na fita. Amma murya ta ɗauke ɗif.

10/ Hujjarsa ke nan: jijiyar daga ƙwaƙwalwa ta taso, don haka ƙwaƙwalwa ce ke ba murya umarni. Reshe ne na jijiya ta 10, wadda sunanta na Latin, vagus, ke nufin mai yawo. Ta ci sunanta kuwa: daga kai har zuciya, huhu, tumbi da hanji.

11/ Reshen muryar ma ɗan yawo ne. Maimakon ya shiga maƙogwaro kai tsaye, sai ya gangara ƙirji, ya zagaye babbar jijiyar jini, ya sake haurowa. A raƙumin dawa zagayen nan mitoci ne. Shi ya sa har yau likita mai aikin maƙoƙo ke lallaɓa ta, don kar mara lafiya ya farka da dasasshiyar murya.

12/ To ta ina Galen ya samo bakwai? Bai ɗauki ta ƙanshi a matsayin jijiya ba, ya ce ɓangaren ƙwaƙwalwa ce. Ya haɗe ta fuska da ta ji wuri ɗaya. Ya dunƙule 9, 10 da 11 ya ce guda ce. Ta biyar kuma ya raba ta biyu. Siraran masu juya ido bai tantance su ba.

13/ Ilimin nan bai ɓace ba saboda Bagadaza. A ƙarni na 9 Hunainu bn Ishaƙ da almajiransa suka fassara littattafan Galen zuwa Larabci. Ibn Sina, wanda ya kammala Al-Ƙanun fid-Ɗibb a 1025, shi ma a kan bakwai ɗin ya tsaya.

14/ Sai dai likitocin daular Musulunci ba kwafa kawai suka yi ba. Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, har littafi ya rubuta kan shakkun da yake da su game da Galen. Shi da Ibn Sina sun yi bayanin karkacewar fuska, wadda Larabawa ke kira laƙwa, a matsayin cutar jijiya da tsoka. Shekara dubu da ta wuce fa!

15/ Mu tsallaka Turai. A 1543 Andreas Vesalius, malami a Padua ta Italiya, ɗan shekara 28, ya fitar da ƙaton littafi bayan ya feɗe gawarwakin mutane da hannunsa. Ya kama Galen da kurakurai da yawa. Misali Galen ya ce ƙashin muƙamuƙin ƙasa biyu ne, shi ya nuna ɗaya ne.

16/ Amma da ya zo kan jijiyoyin kai? Bakwai. Mutumin da ya fi kowa tsaurin ido a kan Galen, ƙwaƙwalwar mutum na hannunsa, ya ƙirga yadda aka koya masa. Wallahi nan ne abin ya fi taɓa ni. Wani lokaci ido abin da aka faɗa masa yake gani.

17/ A 1561 Gabriele Falloppio, shi ma a Padua, ya bayyana wani matsattsen lungu cikin ƙashin da ke kewaye da kunne, inda jijiyar fuska ke bi. E, shi ne dai wanda aka sa wa bututun ƙwan mace sunansa. Ku riƙe lungun nan, yana cikin labarin Goggo.

18/ Sai 1664 aka karya bakwai da gaske. Thomas Willis na Oxford ya wallafa Cerebri Anatome ya ce tara ne. Cikin masu yi masa zane akwai Christopher Wren, wanda daga baya ya tsara babbar majami'ar St Paul ta Landan. A littafin ne kuma aka fara raɗa wa ilimin jijiyoyi sunan da yake amsawa yau.

19/ Willis ya ba ta ƙanshi lamba ɗaya, inda take har yanzu. Amma ƙirgensa ya fi bin ƙofofin ƙoƙon kai. Ta fuska da ta ji rami ɗaya suke shiga, ya ce ta bakwai. Uku kuma na fita ta wani ramin, ya ce ta takwas. Kamar ka ƙirga mutanen gida da yawan zaure.

20/ Yanzu ga mai 12 ɗin. Samuel Thomas Sömmerring, haifaffen Thorn, wato Toruń ta Poland a yau, a 1755. Ɗalibi ne a jami'ar Göttingen ta Jamus. A kundin kammala karatunsa na 1778 ya bi kowace jijiya zuwa inda ta tsiro, ya raba waɗanda aka haɗe, suka tashi 12.

21/ Shekararsa 23 a lokacin. Sa'anmu ne, jama'a! Kundin ɗalibi ne likitocin duniya ke haddacewa sama da shekara 240. Ni kuwa ko babi na ɗaya na nawa ban fara ba 😭

22/ Ba a karɓa nan take ba. A Ingila an ci gaba da koyar da tara na Willis har cikin ƙarni na 19. Bayan taron masana a Basel a 1895, inda aka daidaita sunayen sassan jiki, 12 ta zauna daram.

23/ Na so in tsaya nan in tafa masa. Amma akwai ɓangaren da ba a faɗa mana a aji. A birnin Kassel, Sömmerring ya feɗe gawarwakin baƙaƙen fata da suka mutu a can. A 1784 ya fitar da littafi kan "bambancin" jikin baƙar fata da na Bature.

24/ Cikin da'awarsa har da cewa jijiyoyin baƙar fata sun fi kauri idan aka gwada da girman ƙwaƙwalwarsa, wai alamar ya fi kusa da biri. Ana tsakiyar cinikin bayi aka rubuta wannan, kuma sunan babban masani ne a kai. Kun san wa abin ya yi wa daɗi.

25/ Wa ya rushe shi? Wani Bajamushen ne, Friedrich Tiedemann na Heidelberg, a 1836. Ya tara ƙoƙunan kai na al'ummomi daban-daban, ya riƙa cika su da gero yana aunawa. E, gero dai. Ya kuma duba ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da kansa.

26/ Sakamakonsa: bai ga hujjar cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ta gaza ta Bature ba, jijiyoyin ma ba su fi kauri ba. Wato idon da ya ga 12 inda Vesalius ya ga bakwai, shi ne ya "ga" abin da babu, don zamaninsa ya riga ya faɗa masa abin da zai gani.

27/ Mu ɗan koma baya zuwa 1821, saboda Goggo. Sanin adadi daban, sanin aikin kowacce daban. Fuska jijiyoyi biyu ke kula da ita, ta 5 da ta 7, kuma ba a rarrabe aikinsu ba. Charles Bell, likita ɗan Scotland, ya yi gwaji a kan jaki.

28/ Da ya datse ta 7, hancin jakin ya daina motsi a gefen. Da ya datse reshen ta 5, jin taɓi ne ya tafi. Daga nan hanya ta buɗe: ta 7 ce mai motsa fuska. Shi ya sa shanyewar fuska ke ɗauke da sunan Bell a asibiti, duk da Ar-Razi ya riga shi da kusan shekara 900.

29/ Abin da ya sami Goggo ke nan. Jijiya ta 7 ta kumbura a cikin lungun Falloppio, ƙashi kuwa ba ya buɗawa, sai ta matse, saƙo ya daina wucewa. Baki ya ja zuwa gefen da ke da lafiya, ido ya ƙi rufuwa. Ana zargin ƙwayar cutar bairos a yawancin lokuta.

30/ Kwana tara aka yi ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a kai ta asibiti. Alhali maganin rage kumburin ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72. Idon da ba ya rufuwa kuma yana buƙatar ɗigo da rufi da dare, in ba haka ba ya bushe ya yi rauni.

31/ Alhamdulillah, mafi yawan masu wannan larura suna warkewa cikin makonni ko watanni. Goggo ma ta samu sauƙi, sai dai har yau in ta yi dariya akwai ɗan saura a gefen bakinta. Ba na son tambayar kaina da an kai ta ranar farko ya za ta kasance.

32/ Ga abin da ya fi haɗari: shanyewar ɓarin jiki ma tana iya farawa da karkacewar baki. Bambancin da ake koya mana: in jijiya ta 7 ce, gira da goshin gefen ba sa ɗaguwa. In daga ƙwaƙwalwa ne, galibi goshi na motsi, amma hannu ko ƙafa sun saki, ko magana ta harɗe.

33/ Kar ku zama likitocin kanku da wannan, don Allah. Ko wanne ne, asibiti a ranar. A yi addu'a, a kama hanya, ɗaya ba ta hana ɗaya. In shanyewar ɓarin jiki ce, kowace awa da aka ɓata wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa.

34/ Abu na ƙarshe: 12 ɗin ma ba a rufe littafinta ba. Ta gani, a haƙiƙa, miƙowar ƙwaƙwalwa ce, ba jijiya irin sauran ba. Ta 11 kuma galibinta daga laka ta taso, ta haura kai ta sake fitowa.

35/ Akwai ma wata siririya kusa da ta ƙanshi da Gustav Fritsch ya gani a kifin shak a 1878, aka tabbatar da ita a mutum farkon ƙarni na 20. Da yake lambobi sun riga sun cika, kuma tana gaban ta ɗaya, sai aka ce da ita jijiya ta sifili 😂

36/ Ranar jarrabawa dai 12 zan rubuta, ba ni da ƙarfin musu da mai maki. Amma yanzu na san mutane ne suka ƙirga, kuma duk wanda ya gyara, sake dubawa ya yi da idonsa. Ku tura wa rukunin gidanku lamba 29 zuwa 33. Ku sa ni a addu'a, Litinin ce jarrabawar 🤲